Tambaya da Amsa: Shin Gwajin Jini Yana Nuna Tsananin Kumburin Fankiriyas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana ne aka kwantar a asibiti saboda wani matsanancin ciwon ciki da ya turnuƙe shi a ƙahon zuciya, yana sukarsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Likitoci suka ce kumburin fankiriyas ne na farat ɗaya. Da takardar gwajin jini ta fito, sai na ga sinadarin da ake kira lifez ya haura 3,000, alhali iyakar lafiya da aka rubuta a gefen takardar 60 ne. Hankalina ya tashi matuƙa, amma likitocin ba su nuna damuwa da wannan adadi ba, kuma bayan kwana 5 aka sallame shi. A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo mai irin wannan ciwo, matarsa ta nuna mini takardarsa, nasa 400 ne kacal, amma shi aka garzaya da shi sashen kulawa ta musamman. Shin an yi gaggawar sallamar maigidana ne, ko kuwa gwajin ne ba abin dogaro ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya ba dattijon sauƙi. Bisa abin da kika bayyana, ban ga alamar gaggawa ba, kuma gwajin bai yi ƙarya ba. Lifez ya yi aikin da aka aike shi, wato tabbatar da cewa fankiriyas ya kumbura, amma ba a aike shi ya faɗi yadda ciwon zai ƙare ba.

Fankiriyas wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, kuma aikinta biyu ne: tana samar da insulin mai daidaita sukari a jini, tana kuma sarrafa sinadaran narkar da abinci, waɗanda ake kira enzayim, ta zuba su cikin ƙaramin hanji. Amilez yana narkar da sitaci, lifez yana narkar da kitse, tirifsin kuwa yana narkar da furotin. Da yake tirifsin zai iya cin naman da ya haife shi, jiki yana ajiye shi a ɗaure, da sunan tirifsinojin, ba a kwance shi sai ya isa hanji. Ciwon yana farawa ne idan aka kwance shi tun yana cikin fankiriyas, galibi saboda tsakuwar matsarmama ta toshe mashigar da bututun matsarmama da na fankiriyas suke haɗuwa, ko saboda barasa, ko saboda kitse ya yi wa jini yawa. Tun a 1896 masanin cututtuka Hans Chiari ya bayyana cewa gaɓar tana narkar da kanta ne. A lokacin nan ƙwayoyinta suna yoyo, amilez da lifez su kwarara cikin jini, shi ya sa ake ganinsu a gwaji.

Ƙa'idar da likitocin duniya suke bi, wadda aka tsara a birnin Atlanta na Amurka a 1992 aka kuma sabunta ta a 2012, ta ce ana tabbatar da ciwon idan aka sami biyu daga cikin abubuwa uku: irin ciwon cikin da kika bayyana, hauhawar amilez ko lifez zuwa ninki 3 na iyakar lafiya ko fiye, da kuma hoton ciki da ya nuna kumburin. Ki lura da wannan ninki 3 ɗin. Idan iyakar ɗakin gwajin 60 ce, duk wanda ya kai 180 ya tsallake layin, saboda haka mai 400 da mai 3,000 matsayinsu ɗaya a wajen gano ciwon. Abin da ya ƙaru a bayan layin ba ya ƙara wa likita sani game da haɗari. Lifez kamar ihun gobara ne: ƙarfin ihun yana tara jama'a, amma ba ya gaya musu ɗaki nawa wutar za ta ci.

Dalilan da suka sa adadin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsananin ciwo suna da yawa, kuma na farkonsu lokaci ne. Amilez yana tashi cikin awa 6 zuwa 12 da fara ciwo, ya sauka cikin kwana 3 zuwa 5, shi kuwa lifez yana tashi cikin awa 4 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, ya daɗe a sama har kwana 8 zuwa 14. Wanda aka kawo asibiti a daren da ciwon ya kama shi za a ga adadinsa a sama, wanda ya yi ta daurewa a gida har kwana uku kuwa za a tarar ya fara sauka, ko da a lokacin ne jikinsa ya fi shiga haɗari. Sannan akwai yanayin gaɓar kanta. Fankiriyas mai lafiya da tsakuwa ta toshe na ɗan lokaci yana cike da enzayim, don haka yakan zubar da mai yawa, kuma sau da dama tsakuwar ta wuce, kumburin ya lafa cikin 'yan kwanaki. Fankiriyas da barasa ta daɗe tana lalatawa ba shi da abin zubarwa mai yawa, sai adadin ya fito kaɗan alhali ciwon babba ne. Idan kitsen jini ne ya haddasa ciwon, kitsen yakan dagula gwajin amilez har ya fito kamar lafiya lau. Ƙoda ma tana da hannu, domin tana cikin masu kwashe waɗannan sinadarai daga jini, kuma idan ta raunana sai su taru ko da fankiriyas ba shi da laifi. Wani bincike da likitan Jamus Paul Lankisch da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya yi gargaɗi a kan wannan batu, cewa masu ƙaramin hauhawar amilez da lifez su ma suna iya faɗawa cikin mummunan nau'in ciwon, don haka kada ƙanƙantar adadi ta sa a saki jiki.

Abin da yake kai mutum sashen kulawa ta musamman shi ne martanin da jiki duka ya mayar. A kusan mutum 8 cikin 10 kumburin yana tsayawa a fankiriyas, ya warke cikin mako guda da ƙarin ruwa, maganin rage zafi da komawa cin abinci a hankali. A sauran kuwa garkuwar jiki tana wuce gona da iri, jijiyoyin jini su riƙa yoyon ruwa, jini ya yi kauri, bugunsa ya faɗi, huhu ya tara ruwa, ƙoda ta daina tace fitsari. Ƙa'idar Atlanta ta 2012 a nan ta kafa ma'auninta. Idan babu gaɓar da ta gaza kuma babu wata ɓarna a kewayen fankiriyas, ciwon mai sauƙi ne. Idan huhu, ƙoda ko zagayen jini suka gaza amma suka farfaɗo kafin awa 48, ko aka sami taruwar ruwa ko mutuwar nama, matsakaici ne. Idan gazawar ta zarce awa 48, shi ne mai tsanani, kuma a wannan rukuni ne mafi yawan mace-mace suke aukuwa. Babu inda amilez ko lifez suka shigo cikin wannan rabo. Ina kyautata zaton abin da likitoci suka gani a jikin dattijon shi ne numfashi yana sauri, fitsari ya ragu a jakar da aka rataya a gefen gado, ko hankalinsa ya fara gushewa, ga kuma shekaru. Maigidanki kuwa, tunda ciwon ya lafa, yana ci yana sha, gaɓɓansa suna aiki, sallamarsa a kwana na 5 ta dace da abin da aka saba gani.

TAMBAYA: Malam Likita, ni ɗalibi ne a fannin gwaje-gwajen asibiti. An koya mana cewa amilez da lifez ba sa hasashen tsanani. To akwai wani enzayim a jini da yake yin wannan aiki, ko kuwa babu gaba ɗaya?

AMSA: Akwai, ɗalibi, sai dai mafi yawansu ba daga fankiriyas suke fitowa ba, kuma babu ɗaya da ya isa a dogara da shi shi kaɗai. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe, domin fiye da shekara 50 ana neman gwaji guda da za a yi a ƙofar asibiti ya raba mai haɗari da marar haɗari, har yau ba a same shi ba.

Ka fara da LDH, wanda shi ne tsohon hannu a wannan fage. Enzayim ne da yake cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki, don haka idan ƙwayoyi suna mutuwa da yawa, ko a fankiriyas ko a wasu gaɓɓan da jini bai ishe su ba, sai ya tashi. A 1974 likitan fiɗa John Ranson na birnin New York ya fitar da ma'auninsa mai alamomi 11, biyar a ranar kwantarwa, shida bayan awa 48. A cikin biyar na farko akwai enzayim biyu, LDH sama da 350 da AST sama da 250, tare da shekaru sama da 55, fararen ƙwayoyin jini sama da 16,000 da sukari sama da 200. Abin lura shi ne amilez, wanda tun 1929 Robert Elman ya nuna amfaninsa wajen gano ciwon, bai sami gurbi a cikin goma sha ɗayan nan ba. Ma'aunin Glasgow na Clement Imrie, wanda aka gyara a 1984, shi ma ya riƙe LDH, a kan iyakar 600. Wanda ya tara alamomi 3 ko fiye a ɗayan ma'aunan nan ana sa masa ido sosai. Raunin LDH a fili yake: ciwon zuciya, ciwon hanta, fashewar jajayen ƙwayoyin jini, kai har jinin da aka ɗiba da garaje ya farfashe a cikin kwalba, duk suna ɗaga shi. Wannan na ƙarshe a hannunku yake, ku ma'aikatan ɗakin gwaji, kuma idan ka ga ruwan jinin ya yi ja-ja bayan an juya shi a inji, ka nemi a sake ɗiba kafin ka rubuta adadi. Raunin ma'aunin Ranson kuwa shi ne ba ya cika sai bayan kwana biyu, lokacin da mai tsanani ya riga ya nuna kansa.

Saboda wannan jinkiri ne masu bincike suka juya ga abubuwan da suke tashi da wuri. Ɗaya daga cikinsu shi ne elastez na fararen ƙwayoyin jini, enzayim da ƙwayoyin nutirofil suke saki idan sun taru a wurin kumburi. Yana tashi tun a awa 24 na farko, kuma ya fi hauhawa a masu tsananin ciwo, abin da ya dace da fahimtarmu cewa garkuwar jiki ce take jawo ɓarnar. Akwai fosfolifez A2, wanda aka danganta da lahanin huhu. Akwai tirifsinojin-2, wanda ake iya aunawa a fitsari da ɗan tsinken gwaji, ko da yake ya fi amfani wajen gano ciwon. Wanda ya fi burge ni a tunani shi ne TAP, wato ɗan guntun da ake yankewa daga tirifsinojin a daidai lokacin da yake rikiɗa ya zama tirifsin. Amilez da lifez suna nuna yawan abin da ya zuba ne kawai, shi kuwa TAP yana nuna yawan abin da aka kwance, wanda shi ne tushen ciwon. Wani bincike da aka yi a asibitoci da dama na Turai, aka wallafa a mujallar Lancet a 2000, ya nuna cewa TAP na fitsari yana ba da haske tun a ranar farko. Duk da haka waɗannan gwaje-gwaje ba su zama na yau da kullum ba, saboda ba a kowane ɗakin gwaji ake yin su ba, sakamakonsu ba ya fitowa da saurin da ake buƙata, kuma iyakokin da bincike daban-daban suka samu ba su zo ɗaya ba. Suna da wata siffa kuma da suka yi tarayya da sauran ma'aunai: idan suka fito ƙasa, ana iya samun natsuwa cewa ciwon ba zai tsananta ba, amma idan suka fito sama, da yawa daga cikin waɗanda suka nuna a matsayin masu haɗari sukan warke ba tare da wata matsala ba.

A aikace, gwaje-gwajen da suka fi taimaka wa likita a bakin gado ba enzayim ba ne. CRP, furotin da hanta take samarwa idan sinadarin intalukin-6 ya zaburar da ita, shi ne aka fi amfani da shi, kuma idan ya haura miligiram 150 a kowace lita bayan awa 48 da fara ciwo, alama ce ta tsanani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a auna shi a ranar farko, a gan shi ƙasa, a ce babu komai, alhali ba ya kai ƙololuwa sai tsakanin awa 48 da 72. Intalukin-6 kansa yana rigan CRP tashi, amma ba ko'ina ake auna shi ba. Sai yuriyar jini, wato dattin da ƙoda take fitarwa a fitsari, da kaurin jini, waɗanda kowane ɗakin gwaji yake iya yi. Idan kaurin jini ya haura kashi 44 cikin ɗari a ranar kwantarwa kuma bai sauka ba bayan awa 24 da ƙarin ruwa, ko yuriya ta ci gaba da hawa a wannan tsakani, ruwa yana tserewa daga jijiyoyi ke nan, ƙoda kuma tana shan wahala. Ma'aunin BISAP na 2008 a kan irin wannan aka gina shi, da alamomi 5 kacal: naitirojin na yuriyar jini (BUN) sama da 25, gushewar hankali, alamun kumburin jiki duka, shekaru sama da 60 da taruwar ruwa a kewayen huhu. Babu enzayim ko ɗaya a cikinsa, kuma ƙarfin hasashensa bai gaza na tsofaffin ma'aunai masu tarin gwaje-gwaje ba.

Alamun kumburin jiki duka, waɗanda ake taƙaitawa da SIRS, sun cancanci ka haddace su: zafin jiki sama da 38 ko ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90 a minti, numfashi sama da 20 a minti, da fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000 ko ƙasa da 4,000. Biyu daga cikin huɗun nan sun isa. Jagorar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin masana fankiriyas na duniya da na Amurka, ta 2013, ta ba da shawarar a duba su a ranar kwantarwa da kuma bayan awa 48, domin ɗorewarsu ita ce babbar alamar cewa gaɓɓai suna gab da gazawa. Uku daga cikin huɗun ana samun su ne da ma'aunin zafi, agogo da yatsa a kan jijiya. A ra'ayina, ma'aikaciyar jinyar da take ƙirga numfashi da gaskiya tana kuma auna fitsari kowace awa ta fi kowane sabon gwaji kare rayuwar mai wannan ciwo a kwana biyun farko. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a nan fuskar ita ce numfashi, bugun jini, fitsari da hankalin marar lafiya.

Hasashen yana da amfani ne saboda yana sauya abin da za a yi: wa za a ajiye kusa da ido, wa za a tura babban asibiti tun kafin ya galabaita, da kuma yadda za a daidaita ƙarin ruwa. A da ana ɗura ruwa da yawa da sauri ga kusan kowa, amma binciken WATERFALL da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa hakan ya jawo wa kimanin kashi 20 cikin ɗari cikar ruwa a jiki, alhali a masu matsakaicin ƙari kimanin kashi 6 ne, ba tare da wata riba ba. Ke nan yuriya, kaurin jini da fitsari su ne linzamin ƙarin ruwan. Furokalsitonin kuma, furotin da yake tashi a jini idan ƙwayoyin cuta sun shiga jiki, yana da nasa gurbin daga baya, lokacin da ake zargin ƙwayoyin cuta sun shiga mataccen naman, kuma wani bincike da aka yi a Manchester ta Ingila, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa bin sa yana rage shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili.

TAMBAYA: Likita, an sallami mahaifiyata mako guda da ya wuce, ba ta jin ciwo, tana cin abinci. Na kai ta wani ɗakin gwaji don in sami natsuwa, sai lifez ya fito sama da iyaka. Ciwon bai warke ba ne? Sannan a takardar farko an ja layi a ƙarƙashin ALT, wanda ya kai 300.

AMSA: Allah ya saka maka da alheri a kan kula da mahaifiya. Lifez yakan ɗauki har mako biyu kafin ya koma daidai, wani lokaci fiye da haka idan ƙoda ba ta da ƙarfi, saboda haka ganinsa a sama ga wadda ciwo ya bari kuma take cin abinci ba abin tayar da hankali ba ne. Wannan ne ma ya sa ba a maimaita shi kullum a asibiti, kuma ba a jiran saukarsa kafin a ba marar lafiya abinci ko a sallame shi. Abin da zai sa ka mayar da ita nan take shi ne dawowar ciwon, zazzaɓi, amai mai naci, kumburin ciki, ƙoshi da wuri daga 'yan lomomi, ko idanu su yi rawaya.

Layin da aka ja a ƙarƙashin ALT shi ne ya fi buƙatar kulawarka. Wannan enzayim na hanta ne, kuma ba ya auna tsanani, amma yana nuna musabbabi: idan ya haura 150 a cikin awa 48 na farkon ciwon, yiwuwar cewa tsakuwar matsarmama ce ta haddasa shi ta haura kashi 85 cikin ɗari. Idan haka ne, tsakuwar da ta rage a matsarmama tana iya sake gangarowa, kuma karo na biyu ba lallai ya zo da sauƙin na farko ba. Binciken PONCHO da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2015, ya kwatanta waɗanda aka cire musu matsarmama kafin sallama da waɗanda aka ce su dawo bayan kimanin wata guda, sai aka tarar matsala ta sake aukuwa ga kashi 5 cikin ɗari na rukunin farko, da kashi 17 na rukuni na biyu. Ka koma wurin likitan da ya duba ta da takardun duka biyu, ka tambaye shi ko hoton cikin da aka yi mata ya nuna tsakuwa, idan kuma ya nuna, a tsayar da ranar aikin cire matsarmamar ba tare da jan lokaci ba.